Kafin Yaro Ya Yanke Hukunci: Yadda Ake Koya Wa Ƙananan Yara Tausayi Da Kyautata Zato

'Yata tana da shekara huɗu lokacin da abin ya faru. Muna zaune muna jiran ganin likita, sai wani dattijo ya shigo ya zauna a kujerar da ke fuskantarmu. Rabin fuskarsa tabon ƙuna ne, fatar ta tattare har ta ja gefen bakinsa ƙasa. Yarinyar ta ƙanƙame hannuna, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Umma, wancan mugu ne ko?" Kunya ta rufe ni. Na daka mata tsawa, na ce ta rufe mini baki, na juyar da fuskarta wajen bango. Ta yi tsit. Sai da muka koma gida na gane abin da na cusa mata a ranar: cewa mutumin nan abin tsoro ne har ba a maganarsa, kuma tambaya laifi ce. Ko ɗaya daga ciki ba shi nake so ta koya ba.

Zaton farko ba ya hanuwa, ga yaro ko ga babba. A 2006 Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton a Amurka sun nuna wa mutane hotunan fuskoki na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kacal, kuma hakan ya ishe su cewa wannan mai amana ne, wancan ba shi ba. Da aka ƙara musu lokaci, hukuncin bai canja sosai ba, ƙara gamsuwa da shi kawai suka yi. A 2014 Todorov da wasu masana na Jami'ar Harvard suka gwada yara, sai ga 'yan shekara uku da huɗu suna nuna fuskar "mai kirki" da ta "mugu" kusan yadda manya ke nunawa. Saurin hukuncin ba ya nufin ingancinsa. Don haka aikinmu shi ne mu gina wa yaro kallo na biyu, wato ya saba tsayawa bayan zaton farko ya tambayi kansa abin da ya sani tabbas game da mutumin da ke gabansa. Ga yadda na ga abin yana yiwuwa.

Mataki na farko: ku san abin da shekarunsa za su ɗauka

Tausayi ba shuka shi ake yi daga waje ba, da irinsa ake haihuwar yaro. Jariri ɗan kwana biyu kan fashe da kuka idan ya ji kukan wani jariri. Felix Warneken da Michael Tomasello sun nuna a Jamus a 2006 cewa yara 'yan wata 18 kan taso su ɗauko wa baƙo abin da ya suɓuce daga hannunsa ba tare da an roƙe su ba, amma idan da gangan ya jefar ba sa kulawa.

Abin da ke zuwa a makare shi ne gane cewa abin da ke cikin kan wani daban yake da nasa. Heinz Wimmer da Josef Perner sun ƙirƙiro wani gwaji a 1983: wani yaro ya ajiye cakulan ɗinsa a cikin kabad ya fita, mahaifiyarsa ta sauya masa wuri, to ina zai duba idan ya dawo? Yawancin 'yan shekara uku kan nuna sabon wurin, domin a ganinsu abin da suka sani kowa ya sani. Sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yara ke fara amsa daidai. Ke nan idan kuka ce wa ɗan shekara biyu da rabi "ka sa kanka a matsayinsa", kun ɗora masa kayan da wuyansa bai isa ba. Shi nuni yake so: "Duba, hawaye take yi. Ta ji ciwo." Tambayoyi masu zurfi a bar su sai ya kai huɗu ko biyar.

Mataki na biyu: ku fara da fuskarku

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma babu mai tambayar fuska kamar ƙaramin yaro. A 1985 James Sorce da abokan aikinsa sun ɗora yara 'yan shekara ɗaya a kan wani teburi da aka rufe da gilashi, ta yadda rabinsa ke kama da ɗan rami, uwa tana tsaye a ɗaya gefen. Idan ta nuna fuskar tsoro, babu yaro ko ɗaya da ya tsallaka. Idan ta yi murmushi, mafi yawansu sun rarrafa sun wuce. Haka yaro ke yi da mutane. Da baƙo ya matso, idonsa na kanku kafin ya san yadda zai ɗauke shi.

Wani bincike da Allison Skinner ta jagoranta a Jami'ar Washington a 2017 ya fi tayar mini da hankali. An nuna wa yara 'yan shekara huɗu da biyar bidiyon wata mata tana gaisawa da mata biyu. Kalmomin iri ɗaya ne, amma ga ɗaya tana sakin fuska tana matsowa, ga ɗayar tana ɗaure fuska tana ja da baya. Yaran suka fi son wadda aka sakar wa fuska, har son ya shafi ƙawarta da ba su taɓa gani ba. Ba a faɗi aibin kowa ba, fuska kaɗai ta gama aikin.

Saboda haka ku ɗauki mako guda kuna lura da kanku. Wa kuke yi wa gaisuwa da fara'a, wa kuke amsa wa a daƙile? Idan mabaraci ko mai taɓin hankali ya wuce, me hannunku ke yi da hannun yaron? Wace magana ke fita bakinku da zarar baƙo ya juya baya? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi yin ɓarna, domin yaro na ganin dariyar da aka yi a gaban mutum, ya kuma ji gulmar da ta biyo baya, sai ya koyi cewa kirki abin gaban ido ne.

Mataki na uku: ku ba abin da yake ji suna

Wanda bai san sunan abin da ke cin ransa ba, da wuya ya gane shi a jikin wani. Judy Dunn ta bibiyi iyalai a Ingila, ta ruwaito a 1991 cewa yaran da aka fi yin hirar ɓacin rai da farin ciki da dalilansu a gabansu suna 'yan shekara uku, su ne suka fi iya karanta halin da wasu ke ciki da suka kai shida.

Abin ba wuya. Idan yana kuka, a maimakon "yi shiru, ba komai", ku ce: "Ranka ya ɓaci don wasan ya ƙare." Kada ku tsaya a fushi da murna kawai. Akwai kunya, kishi, kewa, fargaba, takaici, ɗoki, kaɗaici. Ku faɗi naku ma, a taƙaice: "Na gaji yau, shi ya sa na yi shiru. Ba kai ka ɓata mini rai ba." Daga irin wannan jimla yaro ke fara gane cewa ɗaure fuska na da dalilai da yawa, kuma yawancinsu ba su shafe shi ba. A kula da yara maza musamman. Yaron da kullum ake ce wa namiji ba ya kuka, gobe shi zai yi wa mai kuka dariya.

Mataki na huɗu: ku raba masa gani da zato

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ku fi daɗewa.

Idan yaro ya dawo daga makaranta ya ce, "Abba, sabon yaron nan ɗan rainin hankali ne," abu biyu ya haɗa wuri guda: abin da ya gani da fassarar da ya yi masa. Kada ku yi saurin cewa "haba, ba kyau zagin mutane," domin hirar a nan za ta mutu. Ku tambaye shi cikin natsuwa, kamar mai son jin labari:

"Me ya yi?"

"Na yi masa magana bai amsa ba."

"To, ka yi magana bai amsa ba. Wannan shi ka gani. Me kake jin ya hana shi amsawa?"

"Ba ya so na."

"Yana yiwuwa. Me kuma?"

Wannan "me kuma" ita ce mabuɗin. Ku nemi dalili uku a tare kafin ku tashi: ƙila bai ji ba, ƙila kunya yake ji don bai san kowa ba, ƙila yarensu daban, ƙila an yi masa faɗa da safe. Ku lura ban ce a goge zaton yaron ba. Yana iya zama gaskiya sabon yaron ba ya son sa. Ana dai sauko da zaton ne daga matsayin hukunci ya koma ɗaya daga cikin abubuwan da za su iya yiwuwa. Sai tambaya ta ƙarshe: "Yaya za mu yi mu sani?" Amsar kusan kullum ita ce a sake gwadawa gobe, ko a tambaye shi. Washegari ku tuna ku bi ba'asi. In ba ku tambaya ba, zai ɗauka maganar ba ta da muhimmanci.

Kada ku jira sai an yi rigima kafin ku yi wannan atisaye. Ku mai da shi wasa. Kuna tafe a hanya kuka ga wani yana gudu, ku ce: "Me ya sa yake sauri? Kawo dalili uku." Kuna duba littafi mai hotuna, ku rufe rubutun ku tambaya: "Me fuskar yarinyar nan ke cewa? Ta yaya ka sani?" Yara na jin daɗin wannan wasa, suna kawo dalilai na ban dariya, kuma ba laifi. Abin da ake horarwa shi ne saba yi wa mutum uzuri, har ya zama zuciyar na nemo shi da kanta.

Akwai wani wasan da nake yi da 'yan shekara uku zuwa biyar. Ku samo kwali biyu, ɗaya ku naɗe shi da takarda mai ƙyalli ku bar cikinsa wayam, ɗayan tsoho yamutsattse ku sa abin wasan da yaron ke so a ciki. Ku ce ya zaɓa. Idan ya buɗe duka biyun kada ku yi wa'azi, ku tambaye shi kawai: "Ta yaya muka san abin da ke ciki?" Zai ce sai da muka buɗe. Bayan kwanaki, idan ya yanke wa wani hukunci daga gani, kalma biyu sun isa: "Tuna kwalin."

Mataki na biyar: idan ya yi suɓul da baka a gaban jama'a

Zai yi, ko ba daɗe ko ba jima. Zai nuna mai keken guragu, ko zabiya, ko mai ƙiba, ko mai in'ina, ya yi tambaya da ƙarfi. Abin da ya kamata in yi a ɗakin jiran nan shi ne in sunkuya daidai tsayinta, in amsa da murya ta yau da kullum: "A'a, tabo ne. Wuta ce ta taɓa ƙona shi, fatar ta warke a haka. Zo mu gaishe da Baba." Amsa gajera, ta gaskiya, ba raɗa ba tsawa, sannan gaisuwa. Gaisuwar ce ke mai da abin kallo ya koma mutum. Idan kun ga maganar ta sosa ransa, ku ba shi haƙuri da kanku a gaban yaron.

Sauran bayani sai an keɓe. A nan za ku koya masa cewa tambaya ba laifi ba ce, amma maganar jikin mutum a kunne ake yi wa Umma ko Abba, domin mai abin ya sha jin ta, ƙila ta gundure shi. Ku guji cewa "Allah sarki, abin tausayi" a kan duk mai nakasa. Akwai tausayin da ke kallon mutum daga sama, ba shi muke nema ba. Ya fi kyau yaro ya ji cewa keken nan shi ne ƙafar da mutumin ke zuwa aiki da ita, sandar nan ita ke nuna wa makaho hanya.

Mataki na shida: ku daina yi wa mutane kuɗin goro

"Mata ai haka suke." "Mutanen can ba su da amana." "Yaran gidan nan ba su da tarbiyya." Marjorie Rhodes da abokan aikinta sun gwada tasirin irin waɗannan jimloli a 2012. Sun ƙirƙiro wasu mutane na labari mai suna Zarpies, suka karanta wa 'yan shekara huɗu littafi a kansu. Wasu yaran suka ji "Zarpies suna tsoron ƙwaro kaza", wasu suka ji "wannan Zarpie yana tsoron ƙwaro kaza". Waɗanda suka ji jam'in sun fi ɗauka cewa halin a jinin dukan jinsin yake. Abin lura, jimlolin ba na zagi ba ne. Sigar maganar kaɗai ta koya wa yaran cewa mutane rukuni-rukuni ne, kowane rukuni da halinsa.

Gyaran shi ne a riƙa mai da magana kan mutum ɗaya. Idan yaro ya ce "maza ba sa wasa da jarirai", ku ce "wane ne ka gani ba ya yi?", sannan ku kawo masa wanda ya sani da yake yi. Kama da wane ba ta wane. Haka ma kan shi kansa: "ka yi rowa yau" daban take da "kai marowaci ne". Ta farko tana barin ƙofar gyara a buɗe.

Mataki na bakwai: idan shi ne ya cuci wani

Ya ƙwace abin wasa, ya ture ƙanwarsa, tana kuka. Abu mafi sauƙi shi ne a doke shi ko a tilasta masa cewa "yi haƙuri". Dukan yana mai da hankalinsa kan zafin jikinsa, ya manta da wadda ya ture. Haƙurin dole kuma yana koya masa cewa akwai kalmar da ake biyan tara da ita a wuce. Masanin halayyar ɗan adam Martin Hoffman ya daɗe yana nuna cewa abin da ya fi dasa tausayi shi ne jan hankalin yaro zuwa ga abin da aikinsa ya jawo wa wani. Binciken Carolyn Zahn-Waxler na 1979 ya ƙara da cewa bayanin ya fi tasiri idan uwa ta yi shi da murya mai nuna abin ya dame ta da gaske.

Tsarin da nake bi shi ne: a fara rarrashin wadda aka cuta, yana kallo. A jira shi ma ya huce, domin yaro mai fushi ba ya jin kira. Sannan a ce: "Da ka ture ta, gwiwarta ta bugi ƙasa. Dubi fuskarta. Me za mu yi ta ji sauƙi?" A bar shi ya zaɓa, ko ya mayar mata da abin, ko ya ɗauko tsumma mai sanyi, ko ya zauna kusa da ita. Sau da yawa ban haƙurin na fitowa da kansa a lokacin.

Idan kuma ya yi abin kirki, kada ku biya shi. Warneken da Tomasello sun gano a 2008 cewa 'yan wata 20 da aka riƙa ba kyauta don sun taimaka, taimakonsu ya ragu da aka daina bayarwa, waɗanda aka yaba wa da baki kuwa suka ci gaba. Ku faɗi abin da kuka gani: "Ka ba shi wuri ya zauna, ka ga yadda ya saki fuska?"

Labarai da mutanen gaske

Ku lura da tatsuniyoyi da zanen barkwancin da yake kallo. Sau da yawa mugu shi ne mummuna, mai tabo, mai ƙusumbi ko tsohuwa marar haƙora, na kirki kuma kyakkyawa. Ba sai kun hana shi ba, amma ku riƙa tambaya: "Me ya yi da ya zama mugu? Fuskarsa ce, ko abin da ya aikata?"

Labari bai kai cuɗanya ba. Tun 1954 Gordon Allport ya bayyana cewa haɗuwa tana rage ƙyama idan an haɗu a matsayin daidai, ana aiki ɗaya tare. Ziyarar da ake kai yaro ya miƙa sadaka ya juyo ba ta cika wannan sharaɗi ba. Wasan ƙwallo da yaron da ba yarensu ɗaya ba, ko gina wani abu tare da yarinya kurma, shi ke cika shi. A Toronto ta Kanada, Mary Gordon ta kafa shirin Roots of Empathy a 1996, inda uwa ko uba ke kawo jariri aji lokaci-lokaci cikin shekarar karatu, yara su kewaye shi suna ƙoƙarin gane abin da yake ji tun bai iya magana ba. Duk gidan da ke da jariri na iya yin haka: "Ya juya kai gefe, me kake jin yake so?"

Kyautata zato ba sakaci ba ne

Wata uwa ta taɓa tambayata ko wannan duka ba zai sa ɗanta ya yarda da kowa ba. Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce yaron da ke auna mutane da fuska shi ya fi shiga haɗari, domin akwai kyan ɗan maciji. Yawancin masu cutar da yara ba baƙi masu ban tsoro ba ne, mutane ne da yaron ya sani, masu fara'a da kyauta.

Don haka ku koya masa ya auna aiki. Ku lissafa masa alamomin a fili, da kalmomin da zai riƙe: babban da ya ce a ɓoye wa Umma da Abba wani sirri, wanda ya ce a bi shi wani wuri ba tare da an sanar ba, wanda ya taɓa jikinsa inda tufafi ke rufewa, wanda aka ce masa "bari" bai bari ba. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, ko ɗan'uwa ne ko malami, ko da kuwa ya fi kowa kirki a ido, a gudu a faɗa. Gaisuwa da ladabi haƙƙin kowa ne, amma runguma da zama a cinya ba dole ba ne, kada ku tilasta masa don gudun jin kunyar baƙo. Idan ya ce ba ya son zama wurin wane, kada ku yi masa wasan dalili uku a nan. Ku ɗauke shi daga wurin tukuna, ku zaunar da shi inda babu kowa, ku ce: "Gaya mini abin da ya faru. Ba zan yi maka faɗa ba."